Tagar da Yaya Ya Faɗaɗa

Sallama gare ku masu bibiyata, har da ke da kika rubuto min cewa in ji tsoron Allah in ajiye ƙarfe in kama miji. Na gani, na karanta, ban kuma goge ba. Ki gyara zama, na yau naki ne.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, ni ce auta a gidanmu, Auta kuma kowa ke kirana. Bango ɗaya ne tsakanin falonmu da shagon gyaran babura da Baba ya bar mana, Allah ya jiƙansa. Yayana ke zama a gaban shagon, shi ke karɓar aiki, shi ke kwancewa da ɗaurawa, shi ke hira da masu babura. Ni kuma ina da ɗan ɗakina a baya, wanda ƙofarsa ke buɗewa ta tsakar gida. Benci ɗaya, kujera ɗaya, taga ɗaya mai kawo haske. A nan ake yin aikin da ya sa mutane ke tsallake shaguna birjik su zo namu.

Kun san tsofaffin baburan nan da ake haɗa musu fetur da baƙin mai, masu hayaƙi da kuka kamar sauro? A cikin silindarsu akwai tagogi. Ta wasu mai ke shiga, ta ɗaya hayaƙi ke fita. Kamfani yana barin tagogin nan a matse, bakinsu da kaushi, shi ya sa babur ɗin ke numfashi kamar mai mura. In ka san hannu, sai ka ɗan gurje nan, ka ɗan ɗaga can, ka gyara hanya, babur ya samu numfashi, shi muke kira buɗe silinda. Wanda da sai an sauka an tura shi a tudu, ya koma hawa da kaya da mutum. Wanda ba shi da halin sabon inji, mu yake nema. Ni ma ba wasu kayan tsada gare ni ba: magagarai ƙanana, samfefa, tocila, da wani ɗan injin gurza da Baba ya haɗa min da motar tsohon keken ɗinki.

Tun ina 'yar makaranta Baba ya zaunar da ni a bencin nan, don ya ce Yaya ba shi da haƙurin abin. Shi ne kuma ya tsara cewa aiki ya riƙa shiga ta hannun Yaya ya fita ta hannun Yaya, saboda maza ba za su miƙa wa yarinya injinsu ba. Haka muka taso. A gari cewa ake yi, "Hannun yaron nan akwai albarka." Yaya ya yi murmushi ya shafa ƙeya. Ni ina bayan bango ina tsince ƙurar ƙarfe daga farcena.

Sai ga mutumina ya shigo rayuwata. A gida Mai Magani ake ce masa, don aikinsa rarraba magunguna ne a ƙananan kemis na ƙauyuka, da wani kwali ɗaure a bayan babur. A wayata kuwa Ciwon Kai na sa masa, tun ranar da ya tare ni a ƙofar gida ya ce ya zo sayen fulogi, alhali fulogin da ke jikin babur ɗinsa sabo ne fil. Dogo ne, mai sanyin magana, in zai yi dariya sai ya fara sunkuyar da kai. Ina son sa, ban taɓa ɓoye muku ba. Ba wanda ya haɗa ni da shi, ni na gani na ce ina so.

Abu ɗaya ne bai sani ba. Kuma kafin ku fara, ban taɓa yi masa ƙarya ba. Bai tambaya ba ne. Ya taɓa kallon hannuna ya ce, "Wanke-wanke na cin hannun nan," na ce masa, "Ai kuwa." Na sha ɗaukar waya in rubuta masa komai, in na kai ƙarshe sai in goge.

Da magana ta yi ƙarfi, ya ce yayarsa za ta zo ta gan ni. Anti yake ce mata. Ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi masa makaranta, abin da ta ce shi yake yi. Umma na jin haka ta aika wa Goggo, ƙanwar Baba, wadda ba a yanke komai a gidanmu sai da ita. Goggo ta iso da akwatinta da jakar hannunta, ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Miƙo hannun nan in gani."

Na miƙa. Ta juya shi gaba da baya kamar mai tayin kifi.

"Wannan hannun mace ne ko na mai fasa dutse? Ke yanzu da wannan za ki miƙa wa baƙuwa kofi?"

"Goggo, da shi nake cin abinci, ban taɓa ƙwarewa ba."

"Ki ci gaba da baki. Wancan manemin naki na farko me ya kore shi? Ba leƙowa ya yi ya gan ki da baƙin mai har goshi ba?"

"Wanda baƙin mai ya kora ai dama ba mai zama ba ne."

Umma ta ce, "Auta," a hankali, irin kiran da ke nufin ya isa. Umma ba ta faɗa. Kallo kawai take yi, kallon kuma ya fi duka ciwo.

A ranar Goggo ta shiga ɗakin bayan da kanta. Ta tattara magagaraina, ta naɗe wayar injin gurzan, ta zuba su a akwatinta ƙarƙashin zannuwa, ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin mayafinta. Ta ce har sai baƙuwa ta zo ta tafi, in an sa rana kuma sai a san yadda za a yi da ni. Kullum safe da yamma ta zaunar da ni ta dirje min hannu da lemun tsami da sukari, ta tura tsinke ƙarƙashin farce, ta shafe ni da mai ta sa min safa kamar jaririya. Ina zaune ina jin kukan babura ta bango. Na haƙura ne don Umma, ba don an fi ni gaskiya ba.

Ana cikin haka saƙon Ciwon Kai ya shigo.

"Albishirinki."

"Goro. Amma fari, ban son ja."

"Na kawo wa Yayanki babur. Zai buɗe min shi. Na gaji da tudun nan, jiya sai da na sauka na tura, manyan motoci na wuce ni suna min hon."

Na daɗe ina kallon wayar. Tudun da yake faɗa na san shi a bakin masu babura. Hanya ce doguwa mai lanƙwasa, in ka haye kuma gangara ce mai tsawo, gefe rami, manyan motoci na bin ka a baya.

"Ka bari sai bayan zuwan Anti mana," na rubuta.

"Me ya haɗa babur da Anti? Ke dai ba ki san darajar yayanki ba. Mutumin nan ƙwararre ne."

Na tura masa fuskar dariya. Ni kuwa ba dariya nake ba.

Da yamma na tare Yaya a tsakar gida yana wanke hannu da omo. Na ce, "Silindar Mai Magani fa?"

"Tana nan na kwance."

"Kar ka taɓa ta. Ka ce masa sai an kwana biyu. Baƙuwa na tafiya zan karɓi kayana in yi."

"Ya ce yana da kai kaya ranar da Antin za ta zo. Daga nan zai wuce."

"To ka mayar masa da ita yadda take. Ya yi ta turawa a tudu, ba a mutuwa da turi."

Ya yarfe hannu, ya ce, "Ke kina ganin duk shekarun nan ban koyi komai ba? Ina ce gurza ce?"

"Yaya, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

"Ni ne makahon?"

"Ni dai na roƙe ka. Ƙarfen da aka cire ba ya komawa."

Ya ce ya ji. Har da cewa, "Shi ke nan, uwar iyayi." Na yarda da shi, don Yaya ba mugu ba ne. Abin da ban lissafa ba shi ne, mutum in aka daɗe ana yaba masa a kan abu, wata rana sai ya yarda shi ne ya yi.

Ranar zuwan Anti gidan ya tashi tun da safe. An wanke labule, an fito da kofunan gilashin da ke cikin kabad tun ina yarinya ba a taɓa shan komai da su ba. Goggo ta fesa turare har a bayan ƙofa, wai kar warin fetur ya ratso. Ni aka sa min doguwar riga ruwan zuma mai aiki a wuya da bakin hannu, mayafi mai ruwan madara, da takalmi mai ɗan tsini da ke matse min ƙaramin yatsa. Umma ta ɗaura min siririn agogonta. Hannuna kuwa, in gaya muku gaskiya, ya yi kyau. Ya yi laushi, farce fes. Na kalle shi na ji kamar aro na yi.

Bayan azahar suka iso. Shi ya rako ta har bakin falo, ya gaida su Umma a tsugune, ya saci kallona sau ɗaya, ya ce zai leƙa shago ya karɓi babur don hanya na jiransa. Anti mace ce mai jiki, mai tabarau, da leshi ruwan toka da jaka baƙa da ta ɗora a cinya ba ta ajiye ba. Ba ta da fara'a da yawa, amma ba ta da wulaƙanci. Na durƙusa na gaishe ta, na zuba mata lemo, na miƙa da hannu biyu. Na ga idonta ya sauka a hannun. Na ga Goggo ta saki numfashi.

"Me kike yi yanzu, 'yata? Karatu ko sana'a?"

Goggo ta riga ni. "Tana gida tana taya uwarta. Yarinya ce mai kunya, ko ƙofar shago ba ta leƙawa."

Na sunkuyar da kai. Su suka ɗauka kunya ce, ni kuwa haƙorana nake cijewa.

"Haka ake so," in ji Anti. "Yaron nan wahala ya sha. Ina so ya dawo gida ya tarar da natsuwa."

A daidai nan aka buga kik a bayan bango.

Na san kukan babur ɗinsa kamar yadda na san tarinsa. Kuka ne mai nauyi, a toshe. Wanda na ji yanzu ba shi ba ne. Wannan ya buɗe, yana da kaifi, yana tsalle. An taɓa tagar hayaƙi. Aka murɗa mai, ya haura, aka saki, ya sauko. A saukowar ne na ji wani abu ƙasa-ƙasa, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana taɓa cokali a gilashi.

Na jawo wayata ƙarƙashin mayafi. Goggo na ba da labarin yadda na iya gyaran ɗaki.

"Yaya, ka taɓa tagar?"

Ya gani. Sai can: "Ki ji da baƙuwarki."

"Ka taɓa ko ba ka taɓa ba?"

"Na ɗan faɗaɗa. Ba ki ji yadda yake tashi ba? Ya fi naki ma."

"Da me?"

"Babban magagarin shago."

Na rufe ido. Babban magagarin shago da shi ake gyara ƙafar tsayawar babur.

"Saman tagar, ka lanƙwasa shi ko a miƙe ka bar shi?"

"A miƙe. Ya fi kyau."

"Ka kashe bakin?"

"Wane baki?"

Jama'a, wane baki. Bari in gaya muku abin da wannan tambayar ke nufi, don ku san abin da ya tashe ni. Fistin yana hawa yana sauka a cikin silinda, da zobe a jikinsa, zoben kuma kullum yana turawa waje. Duk wucewar da zai yi ta gaban taga sai ya ɗan leƙa cikinta. In tagar ta yi faɗi, leƙen ya yi yawa. Shi ya sa ake lanƙwasa samanta kamar baka, a bi bakin da samfefa a kashe kaifinsa, don zoben ya koma wurinsa a hankali. In ka bar shi a miƙe da kaifi, zobe na karo da shi a kowane hawa. A tsaye a shago zai yi ta kuka mai daɗi. Sai inji ya yi zafi, ana gudu, zoben ya karye ya cije. Tayar baya ta tsaya cak. In a gangara ne, da kwali a baya da babbar mota a bayan kwalin, ba sai na ƙarasa muku ba.

Na rubuta wa Ciwon Kai: "Kar ka hau babur ɗin nan." Alama ɗaya, saƙon bai shiga ba. Wayarsa na aljihu, datarsa a kashe, kamar kullum in zai yi tafiya. Na kira, tana ta ringin, kukan inji ya danne. Na sake rubuta wa Yaya: "Ka hana shi tafiya." Ya amsa: "Kar ki tona min asiri a gaban suruki."

Na ji an ɗaga babur daga ƙafarsa. Na ji muryar Mai Magani yana cewa, "Allah ya saka, Yaya."

Na miƙe.

"Ina za ki?" in ji Goggo, tana murmushi da baki, ido kuwa kamar zai cinye ni.

"Shago."

"Zauna."

"Goggo, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Umma ta ce, "Auta." Wannan karon ban tsaya ba. Na cire takalman nan na bar su a tsakiyar falo, na ratsa tsakar gida, na bi ta ɗakin baya, na tura ɗayar ƙofar, mai kaiwa shago, wadda ban taɓa fita ta cikinta da rana ba in akwai mutane.

Yana kan babur, hular kwano a kai, kwali a ɗaure, ƙafa ɗaya a ƙasa. Akwai masu jiran gyara biyu a kan benci. Na taka baƙin mai da tafin ƙafata, na zagaya gabansa, na murɗe makullin na zare.

Ya ɗaga gilashin hular. "Lafiya? Wani abu ya samu Anti?"

"Sauka."

"Auta, na makara fa."

"Sauka, babur ɗin nan ba zai kai ka ba."

Ya kalli Yaya yana ɗan murmushi, irin na namiji da ke neman ɗan'uwansa ya fassara masa mace. Yaya ya ce, "Rabu da ita, shagwaɓa ce. Ke, ba shi makullinsa ki koma ciki."

"Yaya, gaya masa wa ke buɗe silinda a shagon nan."

"Ki shiga hankalinki."

"Gaya masa, ko ni in gaya masa."

Yaya ya ɗauki tsumma ya fara goge hannun da ba abin da ya taɓa. Ɗaya daga cikin masu jiran, wani dattijo mai dakon itace, ya gyara zama.

Na juyo na kalli mutumina ido cikin ido. Na ce, "Ni ce. Duk babur ɗin da ka ji an ce ya fito daga nan yana cin tudu, ni na yi shi, a ɗakin can. Baba ne ya koya min. An kulle min kaya saboda zuwan Anti, shi ne Yaya ya yi naka da kansa. Ya faɗaɗa tagar fiye da kima, ya bar bakinta da kaifi. Zobenka na karo yanzu haka. Ba zai kai ka gangara ba, in ya kai ka kuma a nan zai kashe ka."

Dattijon ya ce, "Ikon Allah. Har nawa?"

"Har naka, Baba. Mai jan tanki, wanda aka kawo da fistin ya ƙone."

Ya riƙe haɓa.

Mai Magani ya sauka a hankali. Ya cire hular ya rungume ta a ƙirji. Fuskarsa ba fushi, ba dariya, kuma wallahi na fi son ya yi fushi. Ya ce, "Yaya, gaskiya ne?"

Yaya ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Kaɗan na ƙara."

"Ba shi na tambaya ba. Ita ke yi?"

"Ita ce."

Sai na ji ƙamshin turare a bayana. Su uku ne a bakin ƙofar ɗakin baya. Goggo a gaba, hannu a ka. Umma a baya, ta kama bango. Anti a tsakiya, jakarta a hammata, tana kallon ƙafafuna a cikin baƙin mai, da bakin rigata da ya riga ya sha.

Goggo ta fara, "Hajiya, ƙuruciya ce, wasa take yi da kayan ubanta tun tana..."

Anti ta ɗaga hannu. "Ɗazu kika ce min ko ƙofar shago ba ta leƙawa."

Goggo ta haɗiye sauran.

Anti ta juyo gare ni. Muryarta ba ta tashi ba. "Kin tsare min ƙanena, na gode, ba zan ƙi faɗa ba. In abin da kika ce haka ne, kin yi mana abin da ba za mu iya biya ba. Amma an zaunar da ni an shirya min wasa, kuma ba na so. Yanzu ki ji. Ni ba zan kai ƙanena inda matarsa za ta wuni cikin maza da ƙarafa ba. Ki ba yayanki makullin nan, a kai babur wani wuri a gyara. Ki shiga ki wanke ƙafa, ki ce min daga yau kin bar wannan aikin. In kin yi haka, abin da na gani ban gani ba, maganarmu na nan."

Ba zan yi muku ƙarya ba, tayin ya shige ni. Na kalle shi, da doguwar fuskarsa da hularsa a ƙirji. Na tuna yadda yake tsayawa a ƙofar gida yana kare min rana da jikinsa. Kalma ɗaya ce, in faɗa a wuce wurin. Umma na kallona, idonta ya cika, leɓenta na motsi ba sauti. Na san abin da take roƙo.

Na jira ya ce wani abu. Ko "Anti, a bari mu yi magana." Ko sunana kawai. Ya buɗe baki, ya kalli yayarsa, ya rufe.

To.

Na kwance agogon Umma na miƙa mata. Na naɗe hannun rigar ruwan zuman nan har gwiwar hannu, aikin wuyan hannun na ƙaiƙayi. Na ɗaure mayafin a ƙugu. Na ce, "Anti, ki yi haƙuri. Wasan da aka shirya miki, da ni aka shirya, na kuma ji kunyarsa. Shi ya sa ba zan ƙara miki wani ba. In na ce na bari, ƙarya na yi. Wannan aikin ubana ne, da shi aka ciyar da gidan nan, da shi aka sayi kofin da kika sha lemo. Ban sata ba, ban roƙa ba. Wanda zai ɗauke ni, da hannun nan zai ɗauke ni."

Goggo ta ce, "Kin kashe kanki, 'yar nan."

"Yaya, miƙo min sufana."

Ban zaci zai miƙo ba. Ya miƙo.

Anti ta gyara tabarau, ta ce wa ƙanenta, "Mu je." Ta bi ta ƙofar shago ta fita titi, ko falo ba ta koma ba. Ya tsaya kamar an dasa shi. Ya kwance kwalin maganin daga bayan babur, ya saɓa a kafaɗa, ya kalle ni kamar zai yi magana. Daga waje ta kira shi. Ya bi ta.

Na ji zafi, kar wata ta ce ban ji ba. Na jira injin ya huce, na cire salansa, na kwance kan, na zare silindar. Masu jiran gyara ba wanda ya tafi. Na kai ta bakin ƙofa wurin haske na haska tocila. Tagar ta yi faɗi kamar bakin kwado, samanta a miƙe, gefe ɗaya ma ya fi ɗaya. Na sa yatsa a bakin, ya yanke ni, siririn jini ya fito. Na juya fistin. Zoben sama ya riga ya ci, gefensa ya yi ƙyalli, wani ɗan guntu ya ɓalle ya bar layi a jikin fistin. Daga kunnawa a shago ke nan.

Na miƙa wa Yaya. Ya kalla, ya kalla, sai ya zauna a kan tsohuwar taya ya dafe kai.

"Da ya tafi fa," ya ce.

"Bai tafi ba."

"Za ta gyaru?"

"Wannan ta mutu. Sai dai a nemo wata tsohuwa mai lafiya in yi daga farko."

Ya tashi ba ko musu, ya shiga tonon tarin kayan da ke ƙarƙashin benci. Ni kuma na shiga gida. Goggo na zaune a bakin gado tana sharar hawaye tana faɗin abin da za ta gaya wa dangi. Na durƙusa a gabanta, na ce, "Goggo, makullin akwatin." Ta ce in kashe ta in ɗauka. Umma ce ta shigo, ta kama bakin mayafin Goggo ta kwance ƙullin da kanta, ta sa min a tafin hannu. Ba ta kalle ni ba ta fita.

La'asar ta yi ina kan bencina. Yaya ya samo silinda, na wanke ta, na shafa tawada a ciki na ja layin inda zan tsaya. Na fara bin tagar da ƙaramin magagari, kaɗan-kaɗan, ina yi ina haskawa. Rigar ruwan zuma ta gama yawo. Hannun da Goggo ta yi kwanaki tana dirza ya koma gidan jiya.

Wayar ta yi ƙara a kan benci. Ciwon Kai.

"Kar ki wahalar da kanki da babur ɗin. Anti ta ce a turo mota a ɗauke shi a kai wani wuri."

Ko sallama babu. Ko sunana babu. Anti ta ce.

Na goge babban yatsa a jikin rigar, duk da haka sai da ya bar baƙi a gilashin. Na rubuta: "Babur naka ne, ka turo a ɗauka. Amma sai na gama. Ba zan bari wani ya mayar maka da waccan silindar ya ce ta yi ba. Da aure ko babu aure, ba za ka hau abin da ban yarda da shi ba."

Ya gani nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Na kifa wayar na ɗauki samfefa.

Ban kai ga gama gefe ɗaya ba na ji mota ta tsaya a ƙofar shago, an kashe ta. Na ji Yaya ya amsa sallama, muryarsa ta canza. Sai ga shi ya leƙo ɗakin baya.

"Shi ne. Shi kaɗai. Ya ce ki fito."

Na hura ƙurar da ke bakin tagar, na ɗaga silindar wurin haske.

"Ka ce masa ina aiki. In magana yake so, ya shigo nan ya same ni."